Daga Kotun Alƙali Zuwa Dokar 2021: Yadda Hukuncin Cin Zarafin Yara Ya Sauya a Jigawa

A zamanin En'e, idan aka ci zarafin yaro a Kafin Hausa ko Bulangu, magana kan tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, daga nan zuwa hakimi, sannan ta isa gaban alƙali ƙarƙashin Sarkin Haɗejiya. Fiƙihun Malikiyya shi ne madogara, sai dai tun bayan da Turawa suka ci Haɗejiya a 1906 ba a zartar da babban hukunci sai da yardarsu.

Ana gab da samun 'yancin kai, gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958, wanda Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya jagoranta. Shawarar kwamitin ce ta haifar da kundin Final Kod, wanda aka tsara bisa na Sudan, ya kuma fara aiki a 1960. Sashe na 282 ya ɗauki saduwa da yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba a matsayin fyaɗe, ko da an ce da yardarta, sashe na 283 kuma ya ba kotu ikon yin ɗaurin da zai iya kaiwa rai da rai. Wannan kundi Jigawa ta gada lokacin da aka cire ta daga Jihar Kano a 1991. A 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, dokar Shari'ar Musulunci ta zo ta zauna kafaɗa da kafaɗa da shi.

Tarayya ta yi Dokar 'Yancin Yara a 2003, amma ba ta hawa kan jiha sai majalisarta ta karɓa. Jihohin Arewa da dama sun daɗe suna jan ƙafa, musamman saboda taƙaddama kan shekarun aure. Yawaitar rahotannin fyaɗe a 2020 ce ta farkar da mahukunta, har gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan matsalar. A 2021 Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa hannu kan dokar hana cin zarafin jama'a, a watan Disamba kuma ya sa hannu kan Dokar Kare Yara. Kwamishinan Shari'a na lokacin, Dakta Musa Adamu Aliyu, ya bayyana cewa hukuncin wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 10 fyaɗe shi ne kisa.

Cikin shekara 61, daga 1960 zuwa 2021, hukunci ya tsananta ƙwarai, amma alƙali ba ya hukunta abin da bai zo gabansa ba. Har gobe ƙararraki da yawa a zaure suke mutuwa. Dattawa su zauna kan tabarma, a ce ɗan uwa ne, a rufa asiri kada yarinya ta rasa miji. A cikin gida kuwa uwa, tana hawaye, ta riga ta yi wa 'yarta wanka ta wanke zanen, ba ta san hujjar da likita da kotu za su nema ta bi ruwa ba.

Saboda haka kira gare mu iyaye, masu unguwanni da limamai: a kai yaro asibiti nan take kafin wanka, a sanar da 'yan sanda, a kuma tsaya ba da shaida. Rufa wa azzalumi asiri buɗe masa ƙofar gidan maƙwabci ne.