Saitin Wuta a Ɗakunan Kwamfuta na Haɗaka: Darasi daga Kafanchan da Kagoro

Tun kafin wayar hannu ta kai intanet lungu-lungu, yankin Kafanchan ya ɗanɗana wahalar gudanar da kwamfutoci masu yawa a kan wutar da ba ta da tabbas. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta buɗe cibiyar koyar da kwamfuta a Bayan Loko, kuma wajen 2007 ta shimfiɗa Zittnet, hanyar intanet marar waya da ta haɗa makarantu da cibiyoyi na yankin. Tun da wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, dizal kuma da tsada, sai aka jingina cibiyar da batura da farantan sola masu ƙarfin kusan kilowat 2. Wannan adadi shi ne mabuɗin nazarinmu.

Kwamfutar tebur ta gwanjo, da allonta, tana iya shan wat 100 ko fiye. Guda ashirin kenan sun lashe kilowat 2 ɗin nan kaf. Idan kuwa ta yi barci, abin da take ja bai wuce wat biyar ba. Saboda haka minti nawa allo zai jira kafin ya mutu, minti nawa na'ura za ta jira kafin ta kwanta, lissafin batir ne tsantsa. A makarantun Kagoro, irin su kwalejin tauhidi da ta kiwon lafiya na ECWA, da duk wani shagon kwamfuta da ke bakin hanyar Kafanchan, wanda ke sayen mai shi ya fi kowa jin wannan lissafi a jikinsa.

Matsalar tana da tarihi. A Windows XP, zaɓin saitin wuta yana bin asusun kowane mai amfani, ta yadda na'ura ɗaya za ta canza hali gwargwadon wanda ya zauna gabanta. Daga Windows Vista, wadda ta fito kasuwa a 2007, saitin ya koma na na'urar baki ɗaya, aka kuma ba mai kula da cibiya damar ɗaure shi ta Group Policy. An samu sauƙi, amma da sauran rina a kaba: muddin ba a ɗaure ba, ɗalibi ɗaya da mutuwar allo ta dame shi zai iya hana na'urar barci, duk wanda ya biyo bayansa ya gaji wannan hali bai sani ba. Nan da 'yan makonni sai ka tarar kowace na'ura a ɗakin da nata tsarin, inbata tana kuka tun la'asar, ana zargin mai sayar da batir.

Inda ake da saba mai riƙe da asusun kowa, umarni ɗaya ya wadatar. Ƙananan cibiyoyi galibi ba su da ita, kuma ita kanta sabar wuta take sha dare da rana. A ganina abin da ya fi dacewa da su shi ne a tsara na'ura ɗaya yadda ake so, a fitar da tsarin da umarnin powercfg, a zuba shi a sauran, sannan a kulle shi ta Group Policy na cikin kowace na'ura, masu amfani kuma a bar su da asusu na gama-gari.

Sai dai wane tsari za a ɗaure? Nan ne shawarar da aka rubuta don ofisoshin Turai, ta a bar na'ura ta yi barci na yau da kullum, take iya cutarwa. Barcin kwamfuta na yau da kullum yana ajiye aiki a ƙwaƙwalwar wucin gadi, wadda ke buƙatar wuta ko yaya. A ɗauke wuta, ko a yi jinkirin sakan kaɗan wajen komawa kan janareta, aikin ya tafi. Dogon barci, wanda ke rubuta komai a faifai kafin na'ura ta mutu, shi ya dace da kwamfutar teburin da ba ta da UPS. Ɗakin jarrabawa kuwa hukuncinsa daban: tun da JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, na'urar da ta kwanta ko ta yanke da saba ana tsakar rubutu ta jefa yaro cikin tashin hankali. Can barci haramun ne har a tashi. Daidaito na nufin kowane ɗaki da tsari guda, gwargwadon aikinsa.

Akwai kuma saitin da Windows bai isa ya taɓa ba, wato na BIOS, mai yanke ko na'ura za ta kunna kanta idan wuta ta dawo. Ashirin su tashi lokaci guda, ƙaramar inbata ta faɗi. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ke riƙe da wannan saiti, kuma a na'urorin gwanjo sau da yawa ya riga ya mutu, sai saitin ya koma na kamfani, agogo ya rikice.

Masu makarantu da cibiyoyi a Kudancin Kaduna, kafin ku ƙara faranti ko batir, ku sa mai kula da ɗakin ya bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta saitin kowacce, ya daidaita su, ya kulle.