Burtalin Sama: Daga Natal Zuwa Kano

'Yan uwa marubuta, mu mutanen Ƙaura Namoda da dogo muke tinƙaho, tunda a 1929 layin jirgin ƙasa ya iso nan ya tsaya. Amma tun ranar 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sama uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar sun riga sun sauka Kano. Kuma jirgin sama ba ya tafiya barkatai. Yana da burtalinsa, kamar shanun Zurmi da Shinkafi.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya raya burtalin da ya ratsa ƙasar Hausa. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1940, Bahar Rum ta ƙi biyuwa, sai Ingila ta riƙa kawo jirage cikin akwatuna zuwa Takoradi, a Gana ta yau. Can ake harhaɗa su, su bi Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, wato Njamena, Khartum, har Alƙahira. Ayari-ayari suke tashi, jirgi mai ɗauke da masanin hanya a gaba kamar madugu, ƙanana na biye. Wanda hazo ya raba da ayari, sai dai addu'a. Mun cika littattafanmu da fatake, amma wa ya taɓa rubuta wannan ayarin?

Amurkawa suka ƙara wa hanyar tsawo, ta tsallaka teku. Daga Natal ta Barazil ake dosar tsibirin Ascension, inda suka gina fili a 1942, sannan Ankara ta Gana, sannan Kano. Kowane zango na teku ya haura kilomita 2,000, ba dutse ba kogi, sai taurari da ƙarar rediyo.

Har yau na'urar rada da ke ƙasa ba ta hango tsakiyar teku. Shi ya sa a arewacin Atlantika kullum ake shata layuka sababbi gwargwadon kaɗawar iska: Gander ta Kanada na tsara na masu zuwa Turai da dare, Prestwick ta Birtaniya na masu komawa da rana. Kowane layi da harafinsa. A da, matuƙi kan faɗi inda yake ta rediyo mai dogon zango, yanzu yawanci tauraron ɗan Adam ke kai saƙon.

A taswirar matuƙa kuwa, ilahirin sararin samaniyar Najeriya sunan Kano yake amsawa, har da wanda ke bisa Zurmi.