Motar lantarki ta girmi kakanninmu

Yawancin ɗalibaina sun ɗauka motar lantarki tsarar wayar salula ce. Alhali a watan Afrilun 1899, shekarar da sojojin Faransa suka shiga Damagaram, wani ɗan Beljiyam mai suna Camille Jenatzy ya zarce gudun kilomita 100 a awa ɗaya kusa da birnin Paris, kuma da batir motarsa take tafiya. A wajajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka masu lantarki ne. To, me ya ɓatar da su har kusan shekara ɗari?

Sai mun fara duba halin wutar kanta. Wutar lantarki ba gero ba ce da za a zuba a rumbu. Yadda aka samar da ita, nan take ake shanye ta. Dole kamfani ya kafa injuna masu ɗaukar nauyin lokacin da kowa ya kunna fitila bayan magariba, amma da dare ya tsala sai yawancinsu su zauna banza. Kamfanonin wuta na Amurka suka lura cewa batir ɗin mota shi ne rumbun da suke nema, sai suka riƙa yin rangwame ga mai caji a lokacin da jama'a ke barci. A 1910 aka kafa ƙungiyar da ta haɗa su da masu ƙera motocin lantarki da batura. A birnin Hartford ma, daga 1910 zuwa 1924, kamfanin wuta ya riƙa ba masu motocin kaya hayar batir: ka kawo wanda ya ƙare, a ɗora maka cikakke, shi kamfanin ya yi caji a lokacin da ya fi masa sauƙi.

Duk da wannan dabara, fetur ya yi rinjaye. Henry Ford ya fito da motarsa Model T a 1908, farashinta ya yi ta sauka. A 1912 aka fara tayar da injin fetur da lantarki, aka huta da juya ƙarfe da hannu. Amma a ganina babban dalilin shi ne wayar wuta ba ta fita birni ba. A farkon shekarun 1930, gona ɗaya cikin goma kawai ke da lantarki a Amurka. Galan ɗin fetur ko a amalanke ana kai shi ƙauye, wuta kuwa sai an kafa turaku an ja waya. Kafin Shugaba Roosevelt ya kafa hukumar kai wuta karkara a 1935, motar lantarki ta riga ta ɓace daga hanya.

Da batirin litiyam ya farfaɗo da ita, tsohuwar tambayar ta dawo: wa zai ba da wutar, kuma da ƙarfe nawa? A 1997, Willett Kempton na Jami'ar Delaware ya nuna cewa motar da ke ajiye tana iya mayar wa layi da wuta idan buƙata ta yi yawa. Habasha kuma ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da gazuwal a 2024, tana dogaro da babban dam ɗinta na kogin Nilu.

Mu fa? Kafin watan Agustan 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar NIGELEC daga Najeriya take zuwa, kuma kowa ya tuna duhun da aka sha da aka yanke ta. Sai dai muna da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, da ta Gorou Banda mai megawat 30 a Yamai. Nan ne darasin Hartford ya juye: su rarar wutarsu da tsakar dare take, mu kuwa duk tashar rana da aka ƙara, da tsakar rana take bayarwa. Idan babura da adaidaita masu batir suka yawaita a Maraɗi ko Tawa, kowa ya jona nasa da magariba, taransifoman unguwa ne zai ɗauki nauyin, a daidai lokacin da yaranmu ke buɗe littafi.

Shi ya sa nake roƙon malamai, idan an zo darasin lantarki, a koya wa yara cewa wuta tana da lokacin cunkoso kamar kasuwa. Iyaye kuma, ranar da aka zo kafa wurin caji a unguwa, mu tambaya: daga ina wutarsa, da ƙarfe nawa zai sha, kuma zai fi araha da rana? Tun ran gini ake zane.