Tandu da Kwalli: Tarihin Adana Kayan Kwalliyar Fuska a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Masu nazarin al'adu sun daɗe suna bayani a kan adon Hausawa, amma galibi hankalinsu ya fi karkata ga fuskar da aka yi wa ado, ba ga mazubin da kayan adon ke kwana a ciki ba. Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin yadda matan ƙasar Hausa suka adana kayan kwalliyar fuska, musamman kwalli, da kuma nuna cewa hikimar da ta kare kwalli daga lalacewa ta bar wata tambaya wadda sai a wannan zamani aka gane nauyinta.

Asalin Kwalli da Fataucinsa

Sunayen kwalli su kansu suna nuna hanyoyin da ya biyo. Kalmar kwalli tana da dangantaka da kuhul na Larabci, ita kuwa tozali 'yar'uwar tazult ce ta harshen Buzaye. Daga kwalli aka sami kwalliya, wato sunan abu guda ya game dukkan ado. Daga tozali kuma aka sami salon maganar nan na yin tozali da mutum, ma'ana ganinsa ido da ido.

A shekarar 1824 Baturen nan ɗan yawon bincike, Hugh Clapperton, ya shiga kasuwar Kano, ya kuma lissafa ɗanyen kwalli cikin hajojin da ya gani, tare da bayyana cewa a ƙasar ake samunsa. Turawan wancan lokaci antimoni suke kiransa, amma yawancin abin da ake haƙowa a Nijeriya wani dutse ne mai ƙyalli da masana ke kira galina, wanda ake samu a kwarin Binuwai, a wurare irin su Arufu kusa da Wukari, da Zurak a ƙasar Wase, da Abakaliki. Fatake suna ɗauko shi ɓarɓashi-ɓarɓashi, 'yan koli su rarraba shi kasuwannin ƙauye. Bayan wannan kuma akwai kwallin da alhazai ke kawowa tsaraba daga Makka, wanda ake girmamawa ƙwarai saboda matsayin sa kwalli a sunna.

Abin da ake Ajiyewa da Wanda ba a Ajiyewa

Bahaushiya ta raba kayan adonta kashi biyu. Akwai waɗanda ake haɗawa a yi amfani da su nan take, kamar katambiri, wanda ake samu daga 'ya'yan wani itace, a kwaɓa, a ɗauki tsinke a zana baƙin layi a goshi ko kumatu. Haka lalle: busasshen ganyensa ko garinsa kaɗai ake ajiyewa a inuwa, domin da zarar an kwaɓa shi an zuba a zunguru, ƙarfinsa ba ya daɗewa. Ka'idar ita ce a ajiye abu a bushe, a jiƙa gwargwadon bukatar yini.

Kwalli kuwa dutse ne, ba ya ruɓewa. Shaidar wannan tana Masar, inda aka tono 'yan tukwanen kwalli a kaburburan zamanin Fir'auna, garin yana nan ciki bayan shekaru fiye da 3,000. Saboda haka abokan gabansa ba tsufa ba ne. Laima ce wadda ke dunƙule shi, da ƙurar hunturu wadda in ta shiga sai ya yi tsakuwa-tsakuwa a ido, da kuma zubewa, tun da abu ne mai tsada. A kan saya shi dutse, a niƙa kaɗan har ya yi laushi, a tankaɗe da ƙyalle, sa'an nan a ɗura.

Tandu

Amsar da masu sana'a suka bayar ga waɗannan matsaloli ita ce tandu. Mai yin tandu yana fara gina siffar mazubin da yumɓu, ya bar ta ta bushe. Sa'an nan ya jiƙa ɗanyar fata, ya kankare ta har ta yi siriri, ya lulluɓe siffar da ita, ya shanya. Idan fata ta ƙame sai ya farfasa yumɓun da ke ciki ya zazzage, a sami mazubi marar ɗinki, marar nauyi, wanda ko ya faɗi ba ya fashewa. Da wannan dabara ake yin manyan tandaye na man shanu da zuma, da battar taba, har Agadas ma ta shahara da battoci masu zane.

Tandun kwalli yana da ciki mai faɗi da dogon wuya matsattse. Matsin bakin ne ke hana iska da ƙura shiga, shi ne kuma ke karkaɗe abin da ya yi yawa a jikin tsinken kwalli in an zaro shi. Raunin tandu ɗaya ne: fata ce, ruwa yana sa ta saki, ɓera da gara kuma suna sonta. Shi ya sa ake rataye shi a bango, ko a sa shi cikin adudu tare da turare da tsakiya. Da kayan Turawa suka yawaita a ƙarni na 20, sai kwalabe da gwangwanaye, daga baya kuma robobi, suka ture shi, hoda da jan-baki da gazal suka cika lefe.

Tambayar da Tandu Bai Amsa ba

Dutsen galina fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyinsa dalma ce, dalma kuwa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. Jariri ya kan murza ido ya kai hannu baki, ta nan take shiga jikinsa. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton wani jariri ɗan wata 6 a birnin Boston wanda aka sami dalma mai yawa a jininsa. Da aka bincika sai aka gano kwallin da aka sayo daga Nijeriya ne sanadi, kusan kashi 83 cikin 100 nasa dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa.

Kammalawa

Magabata sun yi iyakar abin da ilminsu ya kai: sun tsare kwalli daga laima da ƙura da asara, sun kuma bar wa na baya sana'a wadda ta cancanci a raya ta. Abin da ido da hannu ba su iya nuna musu ba shi ne sinadarin da ke cikin dutsen. Don haka kula da kayan kwalliya a yau ya ƙunshi tsohuwar ka'ida ta bushewa da rufewa da tsabtar tsinke, tare da sabon sharaɗi: a san abin da aka ɗura, a nisanta shi daga hannun yara, a kuma daina ɗiga kwallin dutse a idon jarirai. Sai an cika wannan sharaɗi kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.