Shekara 50 da Aka Hana Mata Filin Ƙwallo

In kun buɗe radiyo ko talabijin kuna jin labarin mata masu buga ƙwallon ƙafa, wato balo, ƙasa da ƙasa. Wasu na zaton sabon abu ne da zamani ya kawo. A'a, abin ya fi shekara 100. Kuma tun farkonsa bai rasa ƴan kallo ba. Ga yadda aka yi.

A shekarar 1914 aka fara yaƙin duniya na farko. Samarin Ingila suka tafi fagen fama, kamfanoni suka rasa ma'aikata, sai aka ɗauki mata. A garin Preston akwai wani kamfani mai suna Dick, Kerr, wanda ya koma ƙera harsasai saboda yaƙin. In an ba da hutun cin abinci, ƴan matan kamfanin sukan buga ƙwallo a tsakar gida. Daga nan suka kafa ƙungiya. Wannan ya faru a 1917, shekarar da aka yi yaƙin Kawsan a Agadas.

Ranar Kirsimati ta 1917 suka yi babban wasansu na farko. Mutum 10,000 suka biya kuɗin ƙofa. Kuɗin da aka tara, fam 600, an ba da shi don jinyar sojojin da suka komo da rauni. Haka suka riƙa yi gari gari. Mai kallo ya san zai ga wasa, ya kuma san kuɗinsa taimako ne.

Da yaƙi ya ƙare a 1918 ba su daina ba. A 1920 matan Faransa suka ƙetare teku suka zo Ingila, wata mata mai suna Alice Milliat ce ta kawo su. Mutum 25,000 suka kalli karawar farko a Preston, matan Dick, Kerr suka ci 2 da 0. Daga baya su ma suka je Faransa, aka rama ziyara.

Sai ranar 27 ga Disamba 1920. A wannan rana suka kara da matan St Helens a filin Goodison Park na birnin Liverpool. Mutum wajen 53,000 suka shiga, wasu dubbai suka rasa wuri, suka tsaya bakin ƙofa. Don ku gane yawan nan, babban filin Seyni Kountché na Yamai mutum 35,000 ake cewa yana ɗauka. An tara sama da fam 3,000 a yini ɗaya. A cikin ƙungiyar akwai wata yarinya mai shekara 15, sunanta Lily Parr, mai ƙarfin ƙafar hagu. Kafin ta bar wasa ta ci ƙwallo fiye da 900.

To, shekara ɗaya bayan wannan taro, ranar 5 ga Disamba 1921, hukumar ƙwallon Ingila ta zauna ta yanke hukunci. Ta ce ƙwallo bai dace da mata ba. Ta ce kuma an kawo mata ƙara kan yadda ake kashe kuɗin ƙofa. Saboda haka ta hana duk ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta ba mata aron fili.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Lokacin da matan nan suke ɗaukar harsasai dare da rana, hukumar ba ta ce jikinsu ba shi da ƙarfi ba. Lokacin da suke tara wa majinyata kuɗi ba ta hana su ba. Sai da taro ya kai 53,000 sannan aka tuna da lafiyarsu. A ganina yawan jama'ar ne ya tayar wa hukumar da hankali, ga kuɗi na shiga ta hanyar da ba ta hannunta ba.

Ba a ce mace ba za ta taɓa ƙwallo ba, fili aka hana ta. Amma filin da ba shi da katanga ba shi da ƙofa, inda ba ƙofa kuwa ba mai karɓar kuɗi. Ƙungiyoyi da yawa suka mutu. Matan Preston suka daure. A 1922 suka je Amurka, har suka kara da ƙungiyoyin maza. Sun ci gaba da wasa a ƙananan filaye har 1965. Wasu ƙasashe ma sun bi sahun Ingila: Burazil ta kafa dokar hani a 1941, Jamus ta Yamma a 1955.

Sai a 1971 hanin Ingila ya ƙare. A wannan shekara ce wasu ƴan kasuwa suka shirya gasar mata ta duniya a Meksiko, ba da yardar FIFA ba, wato babbar hukumar ƙwallo ta duniya. Ranar wasan ƙarshe mutum fiye da 100,000 suka cika filin Azteca. Danmark ta ci Meksiko 3 da 0, kuma yarinya ɗaya ƴar shekara 15, Susanne Augustesen, ita ta ci duka ukun. Duk da haka sai da FIFA ta ƙara shekara 20 kafin ta shirya tata gasar.

An yi ta a ƙasar Sin a 1991, da ƙasashe 12. Amurka ta ɗauki kofi, ta ci Norwe 2 da 1. Ko a nan sai da aka rage wa matan lokaci, minti 80 maimakon 90. Ƙasa ɗaya tak ta je daga Afirka, ita ce maƙwabciyarmu Najeriya. A 1999 matan Najeriya sun kai cikin takwas na ƙarshe. Burazil ta sa musu 3, suka rama duka ukun, sannan aka ci su 4 da 3 a ƙarin lokaci.

Ita kuwa Ingila, a 2022 matanta sun ci kofin Turai a filin Wembley gaban mutum 87,192. Lily Parr ba ta ga wannan rana ba, ta rasu tun 1978. A gasar duniya ta 2023 ƙasashe 32 suka zo. Najeriya da Maroko da Afirka ta Kudu duk sun wuce zagayen farko, kuma ƴar Maroko Nouhaila Benzina ta buga da hijabinta. Najeriya ta riƙe Ingila minti 120 ba ci, sai a bugun fanareti aka fid da ita. Gasar 2027 kuma an ba Burazil, ƙasar da doka ta hana matanta ƙwallo daga 1941 har 1979.