Daga Sanƙira Zuwa Amfilifaya: Tarihin Akwatin da Ke Ƙara wa Murya Ƙarfi

Bayan Babbar Sallah na je gida Hunkuyi, na tarar da ƙanin mahaifina a zaure ya tasa wani baƙin akwati gaba yana ta juya shi. Amfilifaya ce ya sayo daga Zariya don ya haɗa da tsohuwar rakodarsa ta ɗaki, saboda bikin 'yarsa ya matso kuma yana so a ji sauti har ƙofar gida. Ya jona mata sifika huɗu, biyu nasa, biyu na aro. Ba ta yi awa ɗaya ba ta fara ƙauri, sai ta yi tsit. Ya dube ni ya ce, "Kai da ake cewa kana karatun lantarki, faɗa mini, cuta ta aka yi ko ni na cuci kaina?" Na ce, "Baba, duka biyun." Bayanin da na yi masa ran nan ya ja ni cikin tarihin wannan akwati, shi ne na ce bari in kawo wa mai karatu.

Matsalar dai tsohuwa ce: muryar mutum ɗaya ba ta isar taro. Kakanninmu sun magance ta da mutane. Ladan ya hau wuri mai tudu, mai shela ya zaga unguwanni, sanƙira ya karɓi magana ya ɗaga ta sama kowa ya ji. A sallar Idi kuwa, in liman ya yi kabbara, sai wani mai murya ya maimaita don sahun baya su ji. Ku lura da abu ɗaya a nan: sanƙira ba ya ƙara wa muryar mai magana komai. Sabuwar murya yake fitarwa da ƙarfin tuwon da ya ci, amma tana bin sawun ta farko. Amfilifaya ma haka take. Ba ta kumbura siginar da ta shigo mata. Wuta take ja daga soket ko batir, ta sarrafa ta har ta ɗauki siffar siginar. Wanda ya taɓa ban-ruwan rake a fadamun Kudan ko Maƙarfi ya san wannan: yaro ƙarami zai iya buɗe wa ruwa hanya ko ya toshe ta, amma ƙarfin ruwan na inji ne.

Abin da ya fara yin wannan aiki da lantarki wata kwalba ce mai kama da ƙwan fitila. A 1906 wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya sa 'yar ragar waya a cikin irin wannan kwalba, tsakanin zaren da ke zafi da farantin da ke karɓar wuta. Ƙaramin canji a kan ragar sai ya haifar da babban canji a wutar da ke ratsawa. Abin dariyar shi ne shi kansa bai gama fahimtar yadda abin ke aiki ba, kuma sai wajen 1912 aka gane cewa babban amfaninta ƙara ƙarfin sigina ne. Kuma ba masu kiɗa ne suka fara rububinta ba, kamfanin tarho ne. Murya tana raunana in ta yi nisa a cikin waya, don haka kamfanin AT&T ya jera waɗannan kwalabe a kan hanya, kowace ta karɓa ta maimaita, tamkar masu maimaita kabbara. A watan Janairun 1915 aka buɗe layin tarho daga New York zuwa San Francisco.

A wannan shekarar ce kuma Peter Jensen da Edwin Pridham suka gwada amsa-kuwwarsu a gaban taro a San Francisco, wadda suka raɗa wa suna Magnavox. A 1925 Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka fito da sifika mai takarda da naɗin waya da maganaɗisu, wadda har yau ita ce a cikin akwatunanmu.

Sai dai amfilifayar farko tana da mugun hali: tana ƙara ƙarfi, tana kuma ɓata sauti. Wanda ya gano maganin wani matashin injiniya ne, Harold Black, a watan Agustan 1927, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson za shi wurin aiki. A kan jaridar da ke hannunsa ya zana dabarar. Ga ta a taƙaice: a ɗebo kaɗan daga abin da ya fito, a mayar da shi baya a gwada da abin da ya shigo, a gyara bambancin nan take. Kamar mai miya ce da ke ɗanɗanawa tana daidaita gishiri. Ana asarar wani ɓangare na ƙarfin ƙarawa, amma sauti ya fito tas. A ganina wannan ta fi duk sauran ƙirƙire-ƙirƙiren da ke cikin labarin nan kyau, kuma da wuya ka buɗe amfilifaya yau ba ka same ta ba.

To yaya abin ya iso mu? Nan ne labarin ya fi daɗi. Rediyon farko da talakan Nijeriya ya sani ba ya kama tasha da kansa. A shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka suka fara wani tsari a Legas, ya iso Kano a 1944: ofis ɗaya ke kamo shirye-shirye, babbar amfilifaya ta ƙara musu ƙarfi, sannan a ja waya zuwa akwatunan gidajen masu biyan kuɗi da lasifikokin da aka kafa a wuraren taruwar jama'a. Masanin nan Brian Larkin ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa Signal and Noise. Wato ke nan birni guda ne aka mayar da shi irin haɗin da Baba ya so yi: tushen sauti daban, amfilifaya daban, sifikoki a warwatse. Amma abin na inda waya ta kai ne, manomin ƙauye sai dai ya ji labari.

Turansisto ce ta karya wannan shinge. An ƙirƙiro ta a ɗakin binciken Bell a watan Disambar 1947, aikin John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1956. Aikin kwalba take yi, amma ba ta buƙatar zare mai zafi, saboda haka batirin tocila ya ishe ta. Lokacin da Rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, mutumin Ikara ya iya rataya rediyo a kafaɗa ya tafi gona. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, daga baya rakoda ta cika kasuwanninmu da wa'azi da waƙoƙi. Amfilifaya mai aiki da batirin mota mai bolt 12 kuwa ita ta ɗora lasifika a kan masallatan ƙauye da rufin motar mai tallan magani ranar kasuwa. (Masallacin da aka fi ambata cewa ya fara kiran salla da lasifika shi ne Masallacin Sultan na Singafo, a 1936.)

Yanzu ga tambayar da ta shafi aljihu: me ya sa ake ware amfilifaya daban, alhali kowace rakoda tana da tata a ciki? Saboda aikin biyu ne. Na farko lallaɓa sigina: abin da makirfo ke fitarwa bai wuce 'yan ɓangarori cikin dubu na bolt ɗaya ba, sai a ɗaga shi zuwa wajen bolt 1, a zaɓi tasha ko kaset, a daidaita amo. Na biyu aikin ƙarfi: don sifika mai om 8 ta sami wat 100, tana buƙatar kimanin bolt 28 da amfiya 3.5. Wannan yana son babbar taransifoma, yana kuma fitar da zafi da gurnani, abubuwan da ƙaramar sigina ba ta so kusa da ita. Masu son sauti na zamanin kwalba sun saba raba su gida biyu; shahararriyar amfilifayar D.T.N. Williamson da aka buga zanenta a Ingila a 1947 wat 15 kacal take bayarwa, kuma ita kaɗai take a akwatinta. Da turansisto ta zo aka cusa komai wuri ɗaya don araha. Mai ƙara amfilifaya a yau komawa yake ga tsohon tsari.

Amma kada mai karatu ya zaci ninka wat ninka ƙara ne. Kunne ba ya lissafi haka. In ka tashi daga wat 50 zuwa wat 100, desibel 3 kawai ka ƙara, abin da za ka ji ya ɗan motsa. Kafin ka ji kamar ƙara ta ninka, sai ka ninka ƙarfin kusan sau 10. Shi ya sa lasifikar masallaci mai baki kamar kakaki ke kai murya ƙarshen gari da 'yan wat kaɗan, akwatin ɗaki kuwa mafi yawan wutar da ya ci zafi take zama. Amfanin babbar amfilifaya na gaskiya shi ne rara. Ƙarama in an matsa mata sai ta yanke kan sigina, sauti ya yi ƙarce-ƙarce, kuma wannan yankakken sauti na iya ƙona ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn amo. Kunne ma yana da iyaka: ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu. Yaran da ke tsayawa jikin sifikar dije a wurin biki su ne abin tausayi.

Mu koma zaure. Cutar da aka yi wa Baba tana jikin kwali: an rubuta wat 3000 da haruffan PMPO a gefe, ma'aunin da ba shi da tsayayyar ƙa'ida, kowane kamfani da yadda yake ƙirga nasa. Na juya bayan akwatin na nuna masa inda aka rubuta wutar da take ci, wat 120. Abin da bai ci ba ba zai amayar ba. Cutar da ya yi wa kansa kuwa ita ce ya murɗe wayoyin sifika huɗun wuri ɗaya ya jona su a mafita guda. Sifika huɗu masu om 8 in an haɗa su haka sun koma om 2, suna jan wuta ninki huɗu, ita kuwa amfilifayar an rubuta mata kada a sauka ƙasa da om 4. Abu ɗaya ya yi daidai: daga mafitar ƙaramar sigina ta bayan rakoda ya ɗauko sauti, ba daga inda ake jona sifika ba.

Mai gyaran rediyo ya canza turansisto biyu da fis ɗaya. Muka raba sifikokin, biyu hagu biyu dama, muka ɗora akwatin a kan benci inda iska ke ratsa shi. Ranar kamu aka kunna tun la'asar, har Gwaggo ta aiko daga cikin gida a rage, wai ba ta jin guɗa.