Rajistar CAC da lambar NIN: abin da ɗan kasuwa ya kamata ya sani

Daga Garki a Abuja nake rubuto wannan, domin 'yan uwanmu na Agege, Mile 12, Sabon Ibadan da Lokpanta. Ni na bi wa mahaifina rajistar kasuwancinsa na shanu, na kuma ga inda mutanenmu ke maƙalewa.

Me ya canja?

Hukumar CAC, mai hedikwata a Maitama, ita ke yi wa kasuwanci rajista a ƙarƙashin dokar CAMA da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2020. Tun 2024 ta umarci masu PoS su yi rajista, a 2025 kuma ta ce daga 1 ga Janairun 2026 wanda bai yi ba za a hana shi aiki. A wannan ranar ce kuma sababbin dokokin haraji suka fara aiki, inda NIN ta zama lambar harajin mutum, lambar CAC kuma ta kamfani.

Wace rajista ta dace da kai?

Akwai rajistar sunan kasuwanci, wadda ta fi sauƙi da araha, amma bashin kasuwancin bashinka ne, har gidanka za a iya bi. Akwai kuma kamfani, mai lambar RC, wanda dukiyarsa daban take da taka. Da sai mutum biyu, yanzu mutum ɗaya ma zai iya buɗe ƙaramin kamfani.

Me za a nema?

Lambar NIN, hoton fasfo, sa hannu, lambar waya, imel, adireshin wurin sana'a, da sunaye biyu da kake so, ko da an riga ka ɗaya. A kamfani, dole a bayyana duk mai kashi 5 cikin 100 ko fiye. Ke nan sa sunan ƙane ko yaron gida a ɓoye ainihin mai dukiya ya saɓa wa doka.

Inda matsalar take

Suna. Da yawanmu a NIN Muhammadu ne, a banki Mohammed, wani ma sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe a takarda ɗaya, sunan uba a ɗayar. Mahaifina haka ta same shi, sai da muka gyara a NIMC kafin aiki ya tafi. Don haka ka fara duba takardar NIN ɗinka da ta banki, suna da ranar haihuwa su zo daidai.

Na biyu, 'yan tsakiya. Wani ejan ya so ya sa lambarsa da imel ɗinsa a rajistarmu, wai don sauƙi. Wallahi kada ka yarda, duk saƙon hukuma gare shi zai riƙa zuwa, gobe in kun ɓata sai ka roƙe shi. In an ba ka satifiket, ka bincika sunan a shafin CAC na intanet ka tabbatar na gaske ne.

Bayan rajista

Ba a gama ba. Mai sunan kasuwanci zai riƙa kai rahoton shekara, wa'adinsa 30 ga Yuni, ban da shekarar da ya yi rajistar. In ka bari, tara za ta taru.

Allah Ya ba mu sa'a, Ya sa albarka a nema.